Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Tarihi Na Jihar Bauchi: Daga Wace Rana Za Ku Fara Labarin Yaƙin Basasa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ku 'yan'uwana malaman tarihi na makarantun jihar Bauchi, na birni da na ƙauye, na gwamnati da na kuɗi, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da ƙurar alli. Allah ya gafarta muku, ya sa albarka a ɗan abin da ake ba ku ƙarshen wata.

Ni ma naku ne. Shekara talatin da biyar na yi a gaban allo kafin in ajiye aiki. Na ga zamanin da darasin tarihi yake da martaba, na kuma ga ranar da aka zare shi daga manhajar ƙananan makarantu aka cusa ɓurɓushinsa cikin darasin zamantakewa, har wasunmu suka koma koyar da abin da ba su karanta ba don kada a ce zaman banza suke yi. Da aka dawo da shi a lokacin da ɗan jihar nan, Malam Adamu Adamu, yake ministan ilimi, na yi murna sosai. Amma murnar ba ta jima ba fargaba ta biyo bayanta, domin na san akwai darasin da zai same ku ko kuna so ko ba ku so, wato yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Na san yadda ni na koyar da shi, kuma ban koyar da shi daidai ba. Dalilin wannan wasiƙa ke nan.

Wata shekara na kai ɗalibaina ziyara kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa, kamar yadda kowane malamin tarihi a garin nan yake yi. Muka bi ta lungun nan mai duhu har muka fita fili inda yake kwance, muka yi masa addu'a. Yara suka yi tsit. Can sai wani yaro ya ce, "Malam, wai wa ya kashe shi?" Ban ko yi tunani ba na ce, "Inyamurai." Kalma ɗaya tak. A cikin yaran akwai wata yarinya haifaffiyar unguwar Igbo Quarters, mahaifinta yana sayar da kayan gyaran mota, Hausarta kuwa ta fi ta wasu 'yan ajin. Ba ta ce uffan ba. Da muka shiga mota za mu koma, na lura babu wanda ya zauna kusa da ita. Bayan mako guda, an tashi daga aji, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, kakana ma a shekarar aka kashe shi, a nan Arewa. Shi kuma wa ya kashe shi?" Kun san amsar da na ba ta? Na ce wannan ba ya cikin manhaja. Yau shekaru sun ja, na manta sunayen ɗalibai da yawa, amma wannan amsa tawa ta ƙi barina.

Abin da na gane daga baya shi ne, gardamar wa ke da alhakin yaƙi kusan kullum gardama ce a kan ranar da za a fara ba da labari. Kowa yana da ranarsa. Ka ba ni ranar da mutum ya fara, in faɗa maka wanda zai ɗora wa laifi tun bai kai ƙarshe ba.

Mu a nan ranarmu 15 ga Janairu 1966 ce, kuma muna da hujja mai nauyi. A daren nan wasu manjoji, cikinsu har da Chukwuma Kaduna Nzeogwu da Emmanuel Ifeajuna, suka kashe Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello a gidansa a Kaduna tare da matarsa Hafsatu. Suka ɗauke Firaminista a Legas, sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abekuta, aka kawo mana ita Bauchi. Suka kashe Firimiyan Yamma Samuel Akintola, da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh. Suka karkashe manyan hafsoshin Arewa: Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Laftanar-Kanar Abogo Largema, Laftanar-Kanar James Pam. Firimiyan Gabas Michael Okpara kuwa ko ƙwarzane bai samu ba, shugaban ƙasa Azikiwe yana ƙasar waje. Janar Aguiyi-Ironsi da mulki ya faɗo hannunsa ya tsare waɗanda suka yi aika-aikar amma bai gurfanar da su ba, sannan a ranar 24 ga Mayu ya fito da Doka ta 34 wadda ta rushe tsarin jihohi ta mai da ƙasar dunƙule guda. Ga mutanen da aka kashe wa shugabanni wata huɗu da suka wuce, wannan tamkar zuba gishiri ne a gyambo. Tsofaffinmu har suna ba da labarin hotuna da zolayar da suka riƙa gani a kasuwanni. Duk wannan gaskiya ne, ku koyar da shi ba tare da kun rage ko harafi ba.

To amma ku je Inugu ko Aba ku tambayi malamin tarihi irinku. Shi tasa ranar 29 ga Mayu ce, ranar da tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa aka far wa 'yan ƙabilar Igbo. Ko ya ce 29 ga Yuli, ranar ramuwar gayya, da sojojin Arewa suka kashe Ironsi a Badun tare da mai masaukinsa Laftanar-Kanar Adekunle Fajuyi, suka kuma bi barikoki suna kashe hafsoshi da ƙananan sojoji 'yan Gabas. Ko kuma ya ce ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, lokacin da kisan ya fi muni, har a filin jirgin sama na Kano aka bindige mutanen da suke jiran jirgin da zai mai da su gida. Dubban mutane suka mutu: ma'aikatan reluwe, akawuna, teloli, 'yan tireda, mata da yara, waɗanda ba su san Nzeogwu ba, ba su kuma taɓa riƙe bindiga ba. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka kwashi abin da za su iya ɗauka suka tsere Gabas. Wannan ma gaskiya ne, kuma a ƙasarmu aka yi shi, da hannun mutanenmu. Na yi shekara talatin da biyar ina tsallake wannan shafi kamar mai tsallake kwata.

Akwai wani ɗan bayani a nan da nake so ku riƙe, domin ya shafi yaran da ke gabanku masu waya a aljihu. Cikin abubuwan da suka hura wutar Satumba akwai labarin da wani gidan rediyo na Kwatano ya watsa cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas, aka kuma maimaita shi a Kaduna. Kafin a tantance, jini ya riga ya zuba. Daga baya kuma aka far wa 'yan Arewa da ke zaune a Gabas da sunan ramuwa, gwamnan soja na Gabas, Ojukwu, ya ce duk wanda ba ɗan Gabas ba ya fice. Labari ɗaya, baki ɗaya, gawa a ɓangarori biyu.

In kuma mutum yana son ja da baya, hanya a buɗe take. Akwai rikicin ƙidayar 1962 da 1963, da zaɓen 1964, da ƙone-ƙonen Yamma na 1965, da boren Tibi. Akwai 1953, lokacin da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ƙi, aka yi musu ihu a titunan Legas, tarzoma ta biyo baya a Kano, majalisun Arewa suka fito da buƙatu takwas waɗanda kaɗan ya rage su zama rabuwa. Wani ma sai ya kai ka 1914 ya ɗora wa Lugga. Igiya ce mai tsawo, duk inda ka kama za ka ga akwai saura a baya.

Ga wata magana da ba mu cika son ji ba. Kalmar "a raba" daga bakinmu ta fara fita. Ita masu tarzomar Mayu suka riƙa rerawa, kuma sojojin da suka yi juyin mulkin Yuli da niyyar ɓallewa suka fito, har wasu sun fara tura iyalansu gida. Manyan ma'aikatan gwamnati da jakadun Ingila da Amurka ne suka yi ta ba su baki har suka haƙura, Yakubu Gowon ya karɓi ragama a ranar 1 ga Agusta. Wato wata goma kafin Ojukwu ya ayyana Biyafara a ranar 30 ga Mayu 1967, mu ne muke bakin ƙofa da kayanmu a ka. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Idan yaro ya san wannan, zai yi wuya ya ɗauki ɓallewa a matsayin wata cuta da ke jinin wata ƙabila.

Na ce muku amsar da na bai wa yaron nan kalma ɗaya ce. Bari in nuna muku inda take yoyo. Gaskiya ne yawancin manjojin Janairu Igbo ne. Amma a cikinsu akwai Adewale Ademoyega, Bayarabe. Cikin waɗanda suka kashe akwai Laftanar-Kanar Arthur Unegbe, Igbo, da Birgediya Samuel Ademulegun da Kanar Ralph Shodeinde, Yarabawa. Wanda ya murƙushe juyin a Legas Ironsi ne. Wanda ya ƙi ba su haɗin kai a Kano, yana riƙe da bataliya ta biyar, Ojukwu ne da kansa, mutumin da aka haifa a Zungeru, wanda kuma da ya zama gwamnan Gabas ya naɗa Sarkin Kano Ado Bayero uban Jami'ar Nsukka. Shi Nzeogwun a Kaduna aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ni da ku, kuma da ya mutu a fagen daga a Yulin 1967 sojojin tarayya ne suka kai gawarsa Kaduna suka binne. Tun kafin duk wannan, a shekarun 1950, magajin garin Inugu na farko Bafulatani ne daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, kuma ƙuri'a ce ta ba shi. Mutane ne masu sunaye suka kashe Firaminista. Da na faɗi sunayensu a ranar nan, da yarinyar nan ta samu abokin zama a mota.

Haka kuma ku toshe bakin masu mai da shi yaƙin Musulmi da Kirista, ko daga wane ɓangare suka fito. Gowon Kirista ne ɗan Angas da ya tashi a Wusasa. Cikin rundunoni uku na tarayya, Muhammadu Shuwa ya ja ta ɗaya, Murtala Muhammad ta biyu, Benjamin Adekunle ta uku kafin Olusegun Obasanjo ya gaje shi. Ƙananan sojoji kuwa, da yawansu 'ya'yan Tibi ne da Angas da Tangale da Sayawa da sauran ƙabilun da ke zuwa coci ranar Lahadi. Wanda ya ja sojojin Biyafara suka mamaye jihar Tsakiyar Yamma a Agustan 1967 har suka kai Ore, Victor Banjo ne, Bayarabe, kuma bayan wata guda Ojukwu ya sa aka harbe shi tare da Ifeajuna.

Yanzu ga tambayar da manyan ɗalibai za su yi muku, kuma kada ku gudu: shin gwamnatin tarayya tana da gaskiya da ta ɗauki makami don hana ɓallewa? Zan faɗi ra'ayina, ku auna. Ni ina ganin tana da ita. Biyafarar da aka zana a taswira ba ƙasar Igbo kaɗai ba ce. Ta haɗiye Ijo da Ibibiyo da Efik da Ogoni, tare da man fetur ɗin da ke ƙarƙashin ƙasarsu, kuma ba a tambaye su da ƙuri'a ba. Da yawansu sun daɗe suna neman jiharsu, shi ya sa da Gowon ya ƙirƙiro jihohi goma sha biyu a ranar 27 ga Mayu 1967, ya ba su Ribas da Kudu maso Gabas, suka ga mafita. A rana guda ɗin ne mu ma aka yanke mu daga Kaduna aka haɗa mu da Borno da Adamawa a jihar Arewa maso Gabas. Isaac Boro, wanda ya taɓa ayyana jamhuriyarsa a Neja Delta a 1966, a ɓangaren tarayya ya yi yaƙi har ya mutu. Wannan ita ce matsalar kowace ɓallewa: a cikin kowane yanki da ke kukan danniya akwai ƙaramin da ke tsoron sabon babba. Shugabannin Afirka sun hango haka, shi ya sa a taron Alƙahira na 1964 suka amince a bar iyakokin da Turawa suka bari yadda suke, duk da kowa ya san karkatattu ne. Ƙasashe biyar kawai suka amince da Biyafara: Tanzaniya, Gabon, Kwaddebuwa, Zambiya da Haiti. Kuma mun ga Sudan ta Kudu, wadda ta samu abin da ta nema a 2011, ba ta cika shekara uku ba ta faɗa nata yaƙin basasar. Ina kuma ɗora wa Ojukwu nauyin jan yaƙin bayan Inugu ta faɗi a Oktoban 1967, Fatakwal ta bi a Mayun 1968, hanyar teku ta toshe, kowa ya ga inda aka dosa, yara suna ta mutuwa, shi kuma a ƙarshe ya hau jirgi zuwa Kwaddebuwa ya bar mataimakinsa Philip Effiong da miƙa wuya.

Sai dai samun gaskiya a dalilin yaƙi bai wanke duk abin da aka aikata a cikinsa ba. A Asaba, cikin Oktoban 1967, sojojin runduna ta biyu sun tara maza da samari waɗanda suka fito da fararen kaya suna yi musu maraba, suka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu. Asaba ba ta ma cikin Biyafara. Kwamandan rundunar kuwa Murtala ne, wanda muke ƙauna, wanda ya ba mu jihar Bauchi a 1976, wanda hotonsa ke kan naira ashirin. Na san wannan zai yi wa wasunku ɗaci, ni ma ya yi mini. Sannan ga toshe hanyoyin abinci, wanda ya sa tamowa ta cinye ƙananan yara har hotunansu suka zagaya duniya. Gwamnati ta ce a shigo da agaji ta ƙasa ko da rana don a bincika, Ojukwu ya ƙi saboda jiragen dare na filin Uli suna kawo masa makamai tare da abincin. Manya biyu suna jayayya a kan hanya, yara suna mutuwa a tsakani. Ƙiyasin waɗanda suka rasu ya sha bamban, amma mafi yawa suna kai shi miliyan ɗaya ko fiye, kuma yunwa ta fi harsashi kisa. Ingila da Tarayyar Sobiyat suna sayar wa Legas makamai, Faransa tana tura wa Biyafara ta bayan fage, babu ɗansu ko ɗaya da ya kwana da yunwa.

Taron Aburi na ƙasar Gana, 4 da 5 ga Janairu 1967, shi ne darasin da na fi so ku ba lokaci. Gowon da Ojukwu da sauran shugabannin soja sun zauna, sun ci abinci tare, sun sa hannu. Ojukwu ya koma gida da fahimtar cewa an amince kowane yanki ya riƙe kansa, Gowon ya koma Legas manyan sakatarori suka nuna masa cewa abin da ya sa wa hannu zai wargaza ƙasar. Dokar da ta fito a watan Maris ta ba da yawancin abin da aka yi alkawari, amma ta bar wa Legas ikon ayyana dokar ta-ɓaci a yanki, Ojukwu ya ce bai yarda ba. Ku raba aji biyu, ku ba kowane ɓangare matsayin ɗaya, su yi muhawara, sa'an nan mako mai zuwa ku musanya su. Yaron da ya taɓa tsayawa ya kare Ojukwu na minti goma, ko ya kare Gowon, ba zai ƙara jin labarin kamar da ba.

Wani abin da ya kamata yara su sani shi ne iyakar ƙasa ba saukakkiya ba ce daga sama. Maƙwabtanmu na Mubi da Gwoza da Gembu ba 'yan Nijeriya ba ne ranar 1 ga Oktoba 1960. Ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ce ta shigo da su, aka kira yankin Lardin Sardauna. 'Yan'uwansu na kudu suka zaɓi Kamaru a ƙuri'a guda ɗin, ga shi tun 2016 jikokinsu suna cikin rikici da Yawunde, wasunsu suna gudun hijira a Taraba da Binuwai da Kuros Riba. Sa'an nan a ranar 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya ta ba Kamaru Bakasi, bisa yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1913. Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a Greentree ta ƙasar Amurka a 2006, aka kammala miƙawa a Agustan 2008. Kowa ya san Bakasi, amma kaɗan ne suke tuna Darak da ƙauyuka sama da talatin na bakin Tafkin Chadi da aka miƙa tun ƙarshen 2003, inda masunta masu jin Hausa suka bi ruwa yana janyewa har suka kafa gari, suka kwana a Nijeriya suka tashi a Kamaru. Ƙasar da ta yi wata talatin tana yaƙi don kada taƙi ɗaya ya fita, ita ce ta miƙa yankuna da alƙalami ba tare da yaƙi ba. Ni ban ga saɓani a nan ba, kuma ina ganin Obasanjo ya yi daidai, domin ya san warin yaƙi. Amma ku bar yara su yi ta ja, tambaya ce mai kyau.

An gama yaƙi ranar 15 ga Janairu 1970, shekara huɗu cif da daren farko. Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, kuma a yaba masa, ba a kafa kotunan ramuwa ba, ba a rataye kowa ba. Shehu Shagari ya yi wa Ojukwu afuwa ya dawo gida a 1982. Tsofaffin garuruwanmu suna alfahari da cewa da yawa daga cikin waɗanda suka dawo sun tarar da gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da aka tara musu. A Fatakwal kuwa gidajen Igbo aka kira dukiyar da aka yasar, har yau maganar ba ta mutu ba. Kuma wanda ya taɓa ajiyarsa ta banki a Biyafara lokacin yaƙi, ko nawa gare shi, fam ashirin aka ba shi ya fara rayuwa. Mu mun manta da fam ashirin ɗin nan, su kuwa kowane yaro ya ji ta a bakin kakarsa. An ɗinke ƙasa, amma ba a taɓa zama an faɗa wa juna gaskiya ba, sai kowane gida ya ci gaba da koyar da nasa rabin a tsakar gida.

Sakamakon yana gabanmu. A 1973 aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima musamman don ɗinke wannan ɓaraka, a tura ɗan Abiya Misau, a tura ɗan Misau Abiya. A watan Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, a jihar nan tamu aka kashe kimanin goma daga cikin waɗannan yara, baƙinmu, amanar da iyayensu suka ba mu. Waɗanda suka kashe su ba su ga yaƙin basasa ba, wataƙila ma ta ajin wani daga cikinmu suka bi. A 2017 wasu ƙungiyoyin matasa suka taru a Kaduna suka ba Igbo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba, sai da manya suka sa baki aka janye. A can kuma 'yan bindiga masu da'awar Biyafara suna tilasta zaman gida ranar Litinin, suna kashe 'yan'uwansu, suna kashe fatake da direbobinmu. Ɗan siyasar nan na Adamawa, Ahmed Gulak, a Owerri aka harbe shi, ranar 30 ga Mayu 2021. Kowane ɓangare yana da jerin gawarwakinsa a waya, yana turawa, babu mai tura na ɗayan.

Kada ma mu yi nisa. Garin da Firaminista ya ɗauki sunansa, Tafawa Balewa, shi kansa yanki ne da ake jayayya a kai. Tun rikicin Afrilun 1991, wanda ya fantsamo har cikin garin Bauchi, aka kafa kwamitin Mai Shari'a Babalakin, rikicin ya sake ɓarkewa a 1995 da 2001 da 2011, har aka ɗauke hedikwatar ƙaramar hukuma aka kai Bununu. Ku zauna da Basayi ku zauna da Bafulatani ko Bajari, ku ce su ba ku labarin garin. Wallahi abin da na faɗa a sama za ku gani: kowa da shekarar da yake farawa, kowa da wanda ya riga zuwa, kowa da gawar da yake ƙirgawa. Ba zan yanke hukunci a kan wannan a wasiƙa ba, yana hannun hukuma da dattawan ɓangarorin. Abin da na sani shi ne 'ya'yansu suna zaune a benci ɗaya a gabanku, kuma yadda kuka koya musu karanta 1966 haka za su karanta 1991.

Na san abin da wasunku za su ce, domin ni ma na faɗa a da: tone-tone ba shi da amfani, a bar kaza cikin gashinta, kada shugaban makaranta ya kira ka, kada iyaye su taso. Tsoron yana da tushe, ban raina shi ba. Amma shirun da muka yi bai bar yaran cikin rashin sani ba, ya dai miƙa su ga wasu malaman: mai shayi, da direban da ya dawo daga Anaca da labari, da wanda ke zagi a Facebook da TikTok don a bi shi. Su ba sa tsoron shugaban makaranta. Wasu kuma za su ce ai faɗin laifinmu zubar da girman Sardauna da Tafawa Balewa ne. Ina ruwan bayin Allah nan da abin da aka yi bayan suna kabari? Mutumin da aka san shi da sanyin hali da taushin harshe, har Turawa suka yi masa laƙabi da muryar zinariya, ba na jin zai yarda a kashe tela da sunansa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Roƙona gare ku kaɗan ne. Ranar da za ku fara wannan darasi, ku ja dogon layi a allo daga wannan bango zuwa wancan, ku sa yara su cika ranakun da kansu, na Janairu da na Mayu da na Yuli da na Satumba, Aburi da Asaba da Uli, kada a goge ko ɗaya don wani ya ɓata fuska. Ku hana su cewa "su" da "mu" a cikin amsar jarrabawa, duk wanda ya ce an yi kisa ya faɗi wa ya yi, a ina, yaushe. Tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin nan sun haura saba'in da biyar, kullum raguwa suke, akwai su a unguwanninmu suna zaune a ƙofar gida. Ku gayyato ɗaya ya zo aji, ku kuma gayyato dattijo ko dattijuwa daga cikin Igbon garin nan da suka tsere a 1966 suka dawo a 1970, a rana ɗaya in da hali. Ita kuma Ma'aikatar Ilimi, in wannan ta isa gare ta, ta taimaka da taswirori, domin akwai makarantun da malami ke koyar da iyakar Kamaru da yatsa a iska.

Ina da tsofaffin taswirori guda uku a akwati, ta jihohi huɗu, da ta goma sha biyu, da ta goma sha tara, asu ya fara taɓa gefen ɗaya. Na ba wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa yanzu a cikin gari, na ce ya yi hotonsu ya raba wa duk malamin da ya nema. In kun kai yara kabarin Firaminista bana, wani zai yi tambayar nan, kullum sai an yi ta. Ku dubi fuskokin da ke gabanku tukuna, sa'an nan ku faɗi sunayen manjojin ɗaya bayan ɗaya.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin tarihi,
Bauchi.